Kafaɗar Don Melesio

Don Melesio Sicán ne ya ɗauki garin San Cirilo a bayansa, tun daga tubalin coci har gadon da magajin gari yake kwana a kai. Duk wanda ya taɓa zama da shi ya ji wannan magana, domin shi ne yake faɗinta, kuma har yau ban ji ta a bakin wani ba. Sauran mutanen gari sun san shi da gajeren tsohon nan na bakin kasuwa, wanda in kana da kaya sai ka yi masa fito. Da yawansu sai a shekarar rigimar suka gano ashe yana da sunan uba kamar kowa.

Dako ya yi duk rayuwarsa. Kayan aikinsa faffaɗar fata ce da ake ɗorawa a goshi, da igiyar da ke zagayowa ta riƙe kaya a gadon baya, sai kuma wuya. Fatar ya gada daga ubansa, wuyan ne nasa. Da su ya aurar da 'ya ɗaya zuwa babban birni, ya tura ɗa ɗaya Arewa, can ƙetaren iyaka, ya rufa ɗaki biyu da kwano. Matarsa Doña Casilda tana toya gurasar masara a ƙofar gida, kuma ita ce ke cewa rabin kwanon nata ne.

Sau ɗaya a shekara yake ɗaukar kayan da ba a yi masa fito ba. Ranar Juma'ar Ista, idan aka fito da makarar Ubangiji daga coci aka zaga gari da ita, yana cikin masu sa kafaɗa. Makarar tamu ta kusa tsawon motar bas, ga akwatin gilashi a samanta, ga mala'ikun katako a kusurwoyi. Rukuni-rukuni ake ɗaukarta, kowane rukuni daga wannan kwanar titi zuwa ta gaba, sannan wasu su karɓa. Tunda kaya ba ya zama daidai a kan kafaɗun da suka sha bamban, sai a auna kowa. Lahadin farko ta azumin da ake yi kafin Ista maza kan yi layi a ɗakin bayan coci, ƙafa ba takalmi, a jingina mutum da sandar awo, a sauko da wani ɗan katako a kan kafaɗarsa, a haɗa shi da tsararrakinsa a tsawo. A can ƙasan sandar akwai jan zane. Wanda kafaɗarsa ba ta kai shi ba, babu rukunin da zai shiga.

Akwai kuma ƙa'idar shekara hamsin. Wanda ya ɗauka shekara hamsin ba fashi, a ta hamsin ɗin ana sa shi a rukunin farko, na fitowa daga ƙofar coci, tare da manyan gari, cikin baƙar kwat da farar safar hannu, a kira sunansa a lasifika. Su manyan ba a auna su. Shi kuwa ɗan hamsin sai ya tsallake awon shekarar tukuna.

Don Melesio yana da arba'in da tara. Ya ɗauka da zazzaɓi a jikinsa, ya ɗauka a shekarar girgizar ƙasa ana tsallake baraguzai, ya ɗauka mako guda bayan binne uwarsa. Kwat ɗin ma ta riga ta iso daga Arewa, tana rataye a ƙusa cikin leda.

Shugaban ƙungiyar masu makara a lokacin Arnulfo Girón ne, mai kemis ɗin bakin dandali. Bai karanci likitanci ba, amma yana sa farar riga, saboda haka Dokta muke ce masa. Shi ne yake riƙe da sandar a ranar. Ina cikin layi, mutum kaɗan ne tsakanina da tsohon.

Dokta ya sauko da katakon, ya duba, ya ɗaga, ya sake saukowa.

"Miƙe sosai, Don Melesio."

"A miƙe nake."

"To, ƙara miƙewa."

"Iyakata ke nan, Dokta. In akwai saura, yana gidajenku."

Dokta ya jera yatsunsa tsakanin kafaɗar da jan zanen. Uku suka shiga. Sai ya sunkuyo ya rage murya, irin ragewar da duk ɗaki ke ji.

"Ɗan yi ɗage, ni kuma zan kau da kai."

"In yi me?"

"Ɗage, Baba. Kowa yana yi."

"Kowa ɗin ne ya ɗauka shekara arba'in da tara? In tsaya a ɗakin Ubangiji in yi masa ƙaryar tsawo, kamar shi bai san yadda ya yi ni ba?"

"To shi ke nan. Ƙa'ida ba ni na kafa ta ba. Amma ba za mu manta da kai ba. Za ka shiga gaban makara da babban kyandir, mu kuma rataya maka lambar yabo."

"Kyandir," in ji Don Melesio. Ya juya ya dubi layin, ko akwai wanda zai taya shi jin kalmar.

Wanda ya taya shi Tancho ne, mai babur mai ƙafa uku, daga can baya. "A kai shi makarar yara ta ranar Asabar mana, Dokta. A can shi ne dogo."

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce sosai, irin ta mutanen da suka gaji da layi ce. Tsohon ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, bai tsaya sa su ba.

A gida Doña Casilda ta saurare shi tana taɓa ƙullu, ba ta ɗago ba.

"Ka karɓi kyandirinka, tsoho. Ya fi sauƙi, kuma ba sai na gasa maka kafaɗa ba."

"Ke ma?"

"Ni ma me? Na daɗe da sanin ka ragu. Da, sai na ɗaga kai in yi maka faɗa. Yanzu a zaune ma ina iyawa."

"To me ya hana ki faɗa mini, tsohuwa?"

"Da na faɗa, da ka ƙaru?"

Washegari ya je wajen Fada, limamin cocinmu. Fada mutum ne mai son zaman lafiya, musamman da ƙungiyar da ke gyara masa rufin coci. Ya ba shi kujera, ya yi masa bayanin tawali'u, ya ce Ubangiji zuciya yake dubawa, ba kafaɗa ba.

"To a auna zuciyar mana, Fada," in ji Don Melesio. "Me ya kawo sanda?"

Fada ya ce zai sa shi a addu'a.

Daga nan ne ya ɗauki wani tsohon akwatin tumatir, ya kai shi gaban kemis, ya kifa, ya zauna, fatar dako a kan gwiwa. Bai tare ƙofa ba, bai zagi kowa ba. Titi na gwamnati ne. Duk wanda ya zo sayen maganin tari sai ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya tambaye shi ko ya san inda yatsa ukun tsawonsa suka tafi. Kafin mutum ya ce bai sani ba, an fara gaya masa. Haka San Cirilo ta ji tarihin da ba ta taɓa tambaya ba.

Ya fara dako tun kafin gemu ya fito masa, lokacin da bas ba ta shigowa gari, sai ta sauke kaya a babban titi a ƙasan tudu. Duk abin da ya hau tudun nan, in ji shi, ko dai da ƙafarsa ya hau, ko a bayan jaki, ko a bayan Melesio, kuma masu jakuna ba sa yarda a yi wa dabbarsu lodin da ya wuce hankali. Buhunan masara da dankali da gawayi ba ya sa su a lissafi, waɗannan abinci ne. Abin da yake faɗa shi ne teburin dutsen da Dokta yake jingina a kai yana ba da magani. Shi ya hau da shi don uban Dokta, kuma a ranar ya ji wani abu ya yi ƙara a ƙugunsa wanda bai koma wurinsa ba.

"Da na sauke, sai aka ce in zaga ta baya a ba ni ruwa. Ta ƙofar gaba na shigo da teburin, amma ta baya zan sha ruwa. A gwangwani. Shiga ki taɓa teburin, Doña, sumul yake. Yatsana ɗaya yana ƙarƙashinsa."

Na biyun ya raba shi tsakanin girgizar ƙasa da sojoji. Bayan girgizar, wata da watanni yana fitar da ƙasa daga gidajen mutane yana shigar da kwano, da akwatunan gawa a makon farko, wani lokaci biyu a haɗe in na yara ne. Da aka gama ginin gari aka yi biki, aka kafa allo da sunayen waɗanda suka taimaka. Na san allon, yana nan a bangon ofishin gari. Akwai sunan wani jakada da bai taɓa zuwa ba. Shi Don Melesio shi ya ɗauko allon daga babban titi. Batun sojoji kuwa ba ya tsawaita shi. Sun tare shi a kasuwa wata safiya, suka ɗora masa akwatunan ƙarfe, ya bi su cikin duwatsu har Casilda ta fara karɓar gaisuwa. Da ya dawo bai gaya wa kowa abin da ya gani ba, kuma a gaban kemis ma bai faɗa ba. Iyaka ya ce akwatunan sun fi teburin nauyi, kuma su ko gwangwanin ruwan ba su da shi.

Ina ganin wannan ne ya fi ɓata wa mutane rai, domin ba ƙarya yake yi ba. Garinmu yana iya jure maƙaryaci shekara da shekaru, har ya zaɓe shi. Amma mutum ya zauna a kan akwatin tumatir yana gaya maka wanda ya ɗauko gadon aurenka, ya kuma tuna cewa ka yi masa ciniki har ya gaji ya bar maka, wannan rashin kunya ne. Mutanen da suka shekara hamsin suna kiran sa da fito suka fara cewa tsohon ba shi da tarbiyya.

Tancho kan tsaya da babur ɗinsa ya tsokane shi.

"Baba, hau in kai ka gida, kyauta."

"Sauka dai ka ɗauki babur ɗin ka kai shi gida, in gani."

"Zamani ya wuce ku, Baba."

"Ya wuce mana. Ni na ɗauko shi daga babban titi."

Babura irin na Tancho ne suka ƙarasa sana'ar. Tun da suka shigo gari ba a neman ɗan dako sai in kayan sun fi ƙarfin babur, ko lungun ya yi matsi, ko mai kayan yana son araha. Don Melesio bai taɓa kuka da wannan ba. Kuka ɗaya yake yi: an yi amfani da tsawonsa har ya ƙare, sannan waɗanda suka cinye shi suka kawo sanda suna tambayarsa ina yake.

Dokta ya daure mako biyu. Ya aiko masa da man zafi, aka mayar. Ya fito da kansa ya ce, "Don Melesio, don girman Allah, nan wurin sana'a ne." Tsohon ya ce shi ma sana'arsa yake tunawa. Ciniki bai ragu ba, sai ma ƙaruwa, domin mata sun gano cewa sayen ƙwayar ciwon kai ɗaya yana ba mutum damar tsayawa ya ji yatsa guda. Da Dokta mai haƙuri ne da ya ci riba.

Sai aka zo kan yatsa na uku.

Ranar kasuwa ce, gaban kemis a cike. Don Melesio ya ce wata damina, yana saurayi sabon aure, ƙasa ta zaftare ta rufe hanya, ga matar mai kemis na lokacin, Doña Hortensia, tana naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ungozoma ta ce sai asibiti. Aka ɗaure kujera a bayansa, aka ɗaure Doña Hortensia a kujerar, ya gangara da ita ta cikin taɓo zuwa inda mota ke jira.

"Mace ce mai jiki, Allah ya ƙara mata lafiya. Tun daga ƙofar gida take zagin mijinta, da ta gama da shi ta koma kan uwarsa, da ta gama da ita ta dawo kaina. Kalmomin da na koya a ranar, ko a kasuwa ban taɓa jin su ba. Shi kuma na cikin, wannan da kuke gani da farar riga, sai harbina yake yi ta jikin kujera. Tun bai ga duniya ba yake tura ni gefe. A tsakiyar tudu faya ta fashe, a bayana. Rigata ɗaya ce a lokacin."

Wata mai sayar da albasa ta leƙa cikin kemis. "Dokta, wai da gaske ne?"

Dokta ya ce shi bai tuna ba.

Doña Hortensia tana nan da ranta, ta haura tamanin, ba ta fita sai zuwa coci, amma babu abin da ake faɗa a dandali da ba ya isa ɗakinta kafin abincin rana. Mai yi mata aiki ce ta ba da labarin yadda ta aika aka kira ɗanta. Ba ta yi maganar godiya ba, ba ta yi maganar adalci ba.

"Arnulfo, naƙudata ake sayarwa a ƙofar shagonka?"

"Mama, ƙa'idar ƙungiya ce, kafaɗarsa ba ta..."

"Ban tambaye ka kafaɗar kowa ba. Ka ba mutumin nan abin da yake so ya tashi daga wurin, kafin ya tuna sauran abin da na faɗa a kan kakarka."

Ƙungiya ta zauna a ƙarshen makon. Bayan doguwar shawara aka gano cewa sandar awon ta tsufa, katako kuma yana miƙewa da damina, saboda haka ba za a iya dogara da jan zanen ba a kan mutum mai shekaru irin na Don Melesio. A kan sauran jama'a sandar lafiyarta ƙalau. Dokta ya fito ya sanar da shi a gaban mutane, har da miƙa hannu. Tsohon ya dubi hannun.

"Rukunin farko?"

"Rukunin farko."

"Da lasifika?"

"Da lasifika, Don Melesio."

"Sicán. A faɗa da Sicán."

Ya ɗauki akwatin tumatirinsa ya tafi. Bai yi godiya ba, kuma a ganina babu wanda yake bin sa bashinta.

Ranar Juma'a da la'asar dandali ya cika. An shimfiɗa garin katako mai launi tun daga matakalar coci, hayaƙin turare ya sa yara tari, masu busa sun jeru da baƙaƙen huluna. Doña Casilda ta naɗe hannun kwat ɗin ta ciki ta kama da fil, domin ɗan nasu ya saya ne da tsawon uban da ya bari. Ta tsaya a gefen matakala da gyalenta, tana cewa duk wanda ya tambaya ita ba ruwanta, ta zo kallo ne.

Lasifika ta kira manyan gari ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa. Sannan ta ce Don Melesio Sicán, shekara hamsin. Ba a yin tafi a irin wannan rana, amma sai da dandali ya yi wani gunaguni. Ya shiga ya tsaya a gurbinsa, gefen hagu, wajen tsakiya. A gabansa lauyan gari ne, a bayansa manajan banki, mutanen da suka tashi da madara da nama. Jagora ya ƙwanƙwasa katako, kafaɗu suka shiga, makara ta tashi tana lilo a hankali, masu busa suka ɗauki kiɗan makoki.

Ya yi tafiyar kamar yadda ake yinta, taku gajere, jiki na bin lilon, farar safar hannunsa a dafe da gefen katako, idonsa a gaba. Bai dubi Dokta ba, bai dubi Tancho ba, wanda ya cire hula. A kwanar farko rukuni na biyu ya karɓa. Aka rataya masa lambar yabon ma, tunda an riga an buga ta.

Bai sake zuwa awo ba. Yana nan a bakin kasuwa, ya daina ɗaukar komai sai ɗan kwandon da wata tsohuwar abokiyar ciniki ta roƙe shi. Labarin da yake bayarwa yanzu ya ƙaru da babi ɗaya, na yadda ya durƙusar da ƙungiya da Dokta da sandarsu, kuma har yau in ya zo kan kalmar kyandir sai ya tofar da yawu. In ya gama yakan dubi mai sauraro ya ce, "Na shiga ko ban shiga ba?" Kowa yana cewa ya shiga, domin ya shiga.

A ranar ina tsaye a matakalar coci, gefen hagu, kusa yadda za a iya taɓa mala'ikan kusurwa, kuma na bi rukunin har kwana. Daga ƙofar coci zuwa inda aka karɓa, kafaɗarsa ba ta taɓa katakon ba.